Gulbin Kabi daga Argungu zuwa Birnin Kebbi: Jiragen fito, wasannin ruwa da masu iko da kogin

Duk wanda ya tashi daga Birnin Kebbi ya nufi Argungu a mota, ya ratsa ta garuruwa irin su Ambursa da Zauro, to yana tafiya ne a gefen ɗaya daga cikin manyan fadamun Arewacin Najeriya, wadda ke shimfiɗe ta hannunsa na hagu. Idan a watan Maris ya bi hanyar, shinkafar rani zai tarar da ƙarar injinan ban-ruwa. Idan kuwa a watan Satumba ne, a shekarar da ruwa ya yi yawa, zai ga fadamar ta zama tafki guda, inda manomin da ya je gonarsa a kan babur watanni shida da suka wuce ba ya iya zuwa sai a kwalekwale.

Jihar Kebbi ba ta da gaɓar teku, amma tana da irin rayuwar da ake samu a ƙasashen dausayi: mutanen da sufurinsu da abincinsu da wasanninsu suka dogara a kan hawa da saukar ruwa. Wannan maƙala ta tattaro bayanai a kan kogin da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, da jiragen da ke bin sa, da bukukuwan da ake yi a cikinsa, da kuma hukumomin da ke da ta cewa a kansa.

Kogi ɗaya mai sunaye da yawa

A taswira, wasu na rubuta sunansa Kogin Sakkwato, wasu kuma Kogin Rima. Mutanen yankin kuwa sun fi saninsa da Gulbin Kabi. Dalilin bambancin shi ne koguna biyu ne suka haɗu suka zama ɗaya. Kogin Sakkwato yana tasowa ne daga wajen Funtuwa a Jihar Katsina, ya bi ta Gusau da ƙasar Talata Mafara a Jihar Zamfara. Kogin Rima kuma yana samun ruwansa ne daga Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya shiga Jamhuriyar Nijar, sannan ya komo Najeriya. Kogunan biyu suna haɗuwa ne a kusa da birnin Sakkwato.

Daga nan ruwan yakan bi ta Wamakko da Silame, ya shigo Jihar Kebbi ta Augie, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, sannan ya karkata kudu ta wajen Bunza. A wannan ɓangare ne Kogin Zamfara, wanda ya biyo ta Jega, da Gulbin Ka suke zuba a cikinsa, kafin shi ma ya faɗa Kogin Neja.

Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka kogin ba ya gudu da ƙarfi. Yakan yi ta lanƙwasa, ya rabu gida-gida, ya bar tafkuna da tsofaffin hanyoyinsa a baya. Faɗin fadamar yakan kai kilomita da dama. Wannan ne ya sa garuruwan yankin suka zauna a bakin tudu suna fuskantar kwari, gonakin gero da dawa a bayansu, na shinkafa a gabansu.

Yadda shekarar ruwa take

Damina a wannan yanki takan kankama ne a watan Yuni, ta kai marka a watan Agusta, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Sai dai cikar kogin ba ta tsaya ga ruwan da ya sauka a Kebbi kaɗai ba. Ruwan da aka yi a Katsina da Zamfara da Maraɗi yakan ɗauki kwanaki kafin ya iso, shi ya sa kogin kan iya tumbatsa a Birnin Kebbi alhali sama tana wasai.

Daga Agusta zuwa Oktoba ne lokacin jirage. Hanyoyin ƙasa da ke ratsa fadama sukan nutse, mashigai su ɓace, ƙauyukan ƙetare su koma dogaro da masu fito. Da kaka ruwa kan fara janyewa, kifin da ya bazu a cikin ciyayi ya yi ƙwai ya girma ya dawo cikin kogi da tafkuna. Da hunturu da bazara kuwa ruwan yakan ragu ƙwarai, har a wasu wurare a ƙetare shi da ƙafa, sai gurabe masu zurfi da ke riƙe ruwa duk shekara. A irin waɗannan gurabe ne manyan kifaye ke taruwa, kuma su ne tushen bukukuwan su na ƙasar Kabi.

Jirage da masu tuƙa su

Jirgin da aka gada kaka da kakanni shi ne kwalekwalen da ake sassaƙawa daga gungumen itace guda, musamman maɗaci ko kawo. Da manyan itatuwa suka yi ƙaranci, sai jirgin katako da ake haɗawa da ƙusa a toshe kafofinsa ya maye gurbinsa a wurare da yawa. Inda ruwa bai da zurfi, matuƙi kan tsaya ne a bayan jirgi yana tura shi da doguwar sanda. Inda ya yi zurfi sai ya koma ga filafili. Jirage masu inji sun fi yawa a Kogin Neja da tafkin Kainji, wajen Yawuri da Ngaski, inda ruwa ke da faɗi kuma tafiya ke da nisa.

Aikin jirgi a Gulbin Kabi kashi uku ne. Akwai fito, wato ƙetarar da mutane da babura da dabbobi da kayan kasuwa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Akwai aikin gona, domin da jirgi ake kai ma'aikata gonakin da ruwa ya kewaye, da shi kuma ake kwaso dammunan shinkafa. Sai kuma kamun kifi, inda masunta ke jefa birgi ko su shimfiɗa kalli ko mamari, ko su dasa gura. Kifayen da aka fi sani a kogin sun haɗa da giwan ruwa da tarwaɗa da ramboshi da ƙarfasa da kurungu.

Sana'ar ruwa a ƙasar Kabi ta gado ce. Sarkawa, waɗanda ake danganta asalinsu da masuntan Kogin Neja na ƙasar Songhai, su ne suka fi shahara da sanin ruwa da tuƙin jirgi, kuma sun daɗe da zama Hausawa a harshe da al'ada. Yaro a gidan Basarke yakan koyi iyo da riƙon filafili tun kafin ya iya riƙe fartanya.

Fadama a tarihin Kabi

Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Songhai, ya yi babban birninsa a Surame. Ruwayoyin tarihi na cewa yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake zagaya ƙasarsa a cikinsa idan kogi ya cika. Wannan ruwaya tana nuna matsayin da kogin yake da shi a mulkin Kabi tun fil azal.

A 1805 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi. Daga baya Kabawa suka tattara ƙarfinsu a Argungu, kuma daga 1849, ƙarƙashin jagorancin Yakubu Nabame, suka sake ɗaga tutar 'yancin kansu. Sun shafe kusan sauran ƙarnin suna fafatawa da Sakkwato da Gwandu, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Fadamar ta taimaka musu ƙwarai, domin dawakai ba sa iya ratsa taɓo da ruwa a watannin ambaliya. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda tsohuwar fadar sarki ce, yana ɗauke da makamai da kayan su na wancan zamani.

Bikin Argungu da wasannin Kabanci

Bikin kamun kifi na Argungu a sigarsa ta yanzu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su domin girmamawa. Ziyarar ta zama alamar kawo ƙarshen tsohuwar gabar da ke tsakanin ɓangarorin biyu. A 1970 Janar Yakubu Gowon da Shugaban Nijar Diori Hamani suka halarci bikin, abin da ya ƙara fito da shi a idon duniya. A 2016 kuma Hukumar Raya Ilimi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

Ana yin bikin ne cikin kwana huɗu, galibi a watan Fabrairu ko Maris. Ranar ƙarshe ce ake yin babbar gasa a Matan Fada. Dubban masunta kan yi sahu nesa da gaɓa, kowa riƙe da homa da gora. Da an harba bindiga sai su ruga su faɗa ruwa, a shafe kimanin sa'a guda ana fafatawa, makaɗa na bin su a cikin jirage suna yi musu kirari. Gorar tana aiki biyu: mai su yakan kwanta a kanta ta ɗauke shi a kan ruwa, yakan kuma zuba ƙananan kifayen da ya kama a cikinta. Wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ne zakara. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75, a 2020 kuma kilo 78.

Kafin ranar su akwai Kabanci, wato wasannin ruwa na Kabawa. A nan ne ake tseren kwalekwale, da tseren iyo, da gasar nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu ba tare da koma ba, da iyo a kan gora ko tulu. Ga baƙo, nishaɗi ne kawai. Ga mutanen gari kuwa jarrabawa ce ta ƙwarewar da ake buƙata a rayuwar yau da kullum, domin wanda ya iya daɗewa a ƙarƙashin ruwa shi ake nema ranar da jirgi ya kife.

Bikin bai tsira daga matsaloli ba. A 2006 an hana gasar su saboda ƙarancin ruwa a kogin. Daga baya kuma aka shafe kimanin shekara goma ba a yi shi ba, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya halarci buɗewa. Akwai kuma bikin Rigata na Yawuri, a Kogin Neja, wanda shi ma tseren jirage ne ginshiƙinsa.

Sarkin Ruwa da dokar gargajiya

Tun kafin a kafa wata ma'aikata, ƙasar Kabi tana da tsarinta na kula da kogi. A Argungu, Sarkin Ruwa shi ne mai kula da lafiyar kogin da tsabtarsa, Homa kuma shi ne shugaban masunta, dukkansu a ƙarƙashin Sarkin Kabi, kujerar da Alhaji Sama'ila Muhammad Mera yake kai tun 1996. Sauran garuruwan bakin kogi, har da na masarautar Gwandu irin su Ambursa, suna da nasu shugabannin masunta da masu fito.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne rufe ruwa da buɗe shi. Akwai guraben da ake hana kamun kifi a cikinsu na tsawon watanni, ba mai jefa koma sai ranar da aka yi fashin ruwa, wato aka buɗe shi ga jama'a. Matan Fada na cikin irin waɗannan wurare, kuma wannan hani ne ke ba kifi damar girma har ya kai nauyin da ake gani ranar biki. Akwai kuma gyaran ruwa, al'adar da ake yi kafin a shiga su, wadda a da take haɗe da tsafe-tsafe, amma yanzu addu'a ta fi rinjaye a cikinta.

Ƙarfin wannan doka yana cikin kusancinta da jama'a. Mai hukunci yana zaune a garin, ya san kowane jirgi da mai shi, kuma wanda ya karya doka zai haɗu da shi a masallaci da kasuwa. Rauninta kuwa shi ne iyakarta ba ta wuce gaɓar garin ba. Sarkin Ruwa yana iya hana su a Matan Fada, amma ba shi da iko a kan yawan ruwan da zai iso Matan Fada.

Madatsun da ke sama

Wannan iko yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda aka kafa a 1973, kuma ita ke kula da manyan madatsun ruwa biyu da ke saman Kebbi. Madatsar Bakolori, a kan Kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara, an kammala ta a 1978, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Madatsar Goronyo, a kan Kogin Rima, an kammala ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, kuma abin da take iya riƙewa ya haura kubik mita miliyan 900.

Madatsun sun kawo amfani. Suna ba da ruwan noman rani da ruwan sha, kuma ruwan da Goronyo ke saki da rani yana taimaka wa biranen Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi. Amma sun sauya ɗabi'ar kogin. Binciken da masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, William Adams, ya wallafa a 1985 ya nuna cewa bayan gina Bakolori ambaliyar shekara-shekara ta ragu a kwarin da ke ƙasa da ita, manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, kamun kifi kuma ya ja baya. Dalili shi ne kifin fadama yana buƙatar ruwa ya malala cikin ciyayi kafin ya hayayyafa.

Matsalar tana iya zuwa ta ɗaya fuskar. A watan Satumba na 2010, bayan mamakon ruwan sama, an buɗe ƙofofin Goronyo, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a jihohin Sakkwato da Kebbi. A 2018 kuma ruwan madatsar ya ƙafe har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take iya ɗauka. A 2020 wata ambaliyar ta halaka gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi ana dab da girbi. A kowane hali, mai fito da masunci da manomi a Ambursa suna rayuwa ne da sakamakon shawarar da aka yanke a wuri mai nisa da su, shi ya sa sanar da jama'a da wuri kafin a saki ruwa yake da matuƙar muhimmanci.

Shinkafa da aikin Zauro

Tun 1969 aka tsara wani babban aikin ban-ruwa a fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, wanda aka fi sani da aikin Zauro. Manufar ita ce a kewaye fili mai faɗin hekta fiye da 10,000 da ganuwar ƙasa domin hana ambaliya shiga, sannan a riƙa ba shi ruwa ta magudanai gwargwadon buƙata. A 1982 aka yi gwaji a kan hekta 100, amma babban aikin ya shafe shekaru da dama yana jiran aiwatarwa. Masu goyon bayansa na ganin zai ba da damar noma sau biyu a shekara cikin kwanciyar hankali. Masu ɗari-ɗari da shi kuma na tsoron rasa gonakin gado da wuraren kiwo da tafkunan su, da kuma yiwuwar ruwan da aka hana shiga wani wuri ya ƙara yawa a wani.

Kafin a kai ga wannan, manoma sun yi nasu ban-ruwan da ƙananan injina da rijiyoyin burtsatse. Noman ya ƙara bunƙasa bayan da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Kebbi a watan Nuwamba na 2015, aka kuma buɗe kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Sai dai kowane injin da ke zuƙar ruwa da rani yana rage abin da ya rage wa jirgi da kifi, sannan takin zamani da maganin feshi da ke gangarowa daga gonaki a cikin kogin suke ƙarewa.

Wa doka ta ba iko?

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya zirga-zirgar jirage a Kogin Neja da rassansa cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Hukumar da ke aiwatar da wannan ita ce Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997, mai hedikwata a Lokoja da ofishin yanki a Yawuri. Ita ke da alhakin rajistar jirage, da ba matuƙa lasisi, da yashe hanyoyin ruwa, da kafa alamomi. Tun 2023 tana ƙarƙashin sabuwar Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa. A watan Janairu na 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan iko na Tarayya a shari'ar da aka daɗe ana yi tsakanin hukumar da Jihar Legas.

Kamun kifi a koguna da tafkunan cikin gida kuwa kundin bai keɓe wa Tarayya shi ba, saboda haka jihohi na yin dokokinsu a kai, kamar hana amfani da guba da raga mai ƙananan idanu. Filayen fadama suna ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Hasashen ambaliya aikin hukumomin NiHSA da NiMet ne, agajin gaggawa kuma na NEMA da takwararta ta jiha. Akwai kuma HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, wadda Kebbi ke cikinta, kuma ta raba rigunan kariya a garuruwan bakin ruwa. Da yake wani ɓangare na ruwan Rima yana ratsa Nijar, ƙasashen biyu sun sanya hannu a kan yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 game da rabon ruwan da suka yi tarayya a kansa.

Wannan yawan hannu shi ne babbar matsalar. Mai riƙe da ƙofar dam daban, mai rajistar jirgi daban, mai dokar kifi daban, mai fili daban, kuma a mafi yawan mashigan ƙauye babu jami'in ko ɗaya daga cikinsu.

Haɗurran jirage

A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ya nufi Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ya tarwatse a tsakiyar ruwa ɗauke da mutum fiye da 150, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A watan Afrilu na 2022 mutum 29, akasarinsu yara da matasa, suka rasu a wani haɗarin a Ƙaramar Hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato. A watan Janairu na 2023 wani jirgi ɗauke da manoman shinkafa ya kife a Ƙaramar Hukumar Koko/Besse, aka rasa aƙalla mutum goma. A watan Agusta na 2025 kuma jirgin da ke kai mutane kasuwar Goronyo ya kife da fasinjoji fiye da 50.

Dalilan kusan iri ɗaya ne a kowane lokaci: lodi fiye da ƙima, tsufan katako, tafiyar dare, iskar hadari, kututturan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya. A tafkin Kainji, kututturan ragowar itatuwan da ruwa ya shanye ne tun da aka kammala madatsar a 1968. A Gulbin Kabi kuwa, haɗarin ya fi yawa a lokacin cikar ruwa, inda ƙaramin jirgi ke ɗaukar ma'aikatan gona ko 'yan kasuwa da kayansu a tafiya ɗaya domin kowa na sauri. Ƙa'idojin sufurin ruwa na NIWA na 2023 sun wajabta sanya rigar kariya, sun hana lodin wuce kima da tafiyar dare, sun kuma tanadi hukunci. Abin da ya rage shi ne wanda zai tsaya a mashigi ya tabbatar an bi su.

Yashi da ciyayi

Ban da haɗurra, hanyar ruwan kanta tana cikewa. Sare itatuwa da noma har bakin gaɓa suna sa ƙasa ta zaizaye ta gangaro cikin kogi, zurfinsa ya ragu. Kogin da ya cike yana hana jirgi wucewa da rani, da damina kuma ya yi saurin amai. Ciyawar shalla, wadda mutanen Haɗeja da Nguru ke kira kacalla, tana son wurin da ruwa ke kwance duk shekara, kuma takan toshe magudanai ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Kainuwa ma takan rufe fuskar tafkuna.

Abin koyi daga wasu wurare

A ƙasar Masina ta Mali, inda Kogin Neja ke malala ya zama babban dausayi, daular Shehu Amadu da aka kafa a 1818 ta tsara lokutan shigar shanu fadama da haƙƙin masunta da manoma, kuma har yau ana bin wani ɓangare na wannan tsari. A gabashin Ingila, yankin dausayi na Broads yana da hukuma guda tun 1989, wadda ta haɗa kula da muhalli da yawon shaƙatawa da zirga-zirgar jirage. Tana karɓar haraji daga masu jirage, ta ƙayyade gudunsu domin kada igiyar ruwa ta cinye gaɓa, ta kuma yi amfani da kuɗin wajen yashe hanyoyi. A gida Najeriya, tsibiran Foge da ke tafkin Kainji suna cikin wuraren da aka yi wa rajista a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ta kare dausayi.

Abin da waɗannan misalai suka yi tarayya a kai shi ne zaunar da masu amfani da ruwa ɗaya a kan tsari ɗaya. A Gulbin Kabi, hanya mafi kusa ita ce hukumomin zamani su yi aiki ta hannun sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu fito, waɗanda dama suna bakin kogin dare da rana.

Ga mai shiga jirgi

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Mai niyyar fito ya dubi gefen jirgi kafin ya shiga. Idan ruwa ya kusa kai bakinsa, ya jira sahu na gaba. Ya nemi rigar kariya ya ɗaure ta yadda ya kamata, ya fara sanya wa yara. Kada ya shiga ruwa bayan faɗuwar rana ko lokacin da hadari ya haɗu. Ya zauna inda matuƙi ya nuna masa, kada ya miƙe tsaye ko ya koma gefe ɗaya idan jirgi ya yi tangal-tangal. Baƙon da ya zo kallon biki ko yawon buɗe ido kuma ya nemi izinin Sarkin Ruwa ko wakilinsa kafin ya yi iyo ko ya jefa ƙugiya, domin akwai guraben da aka rufe, akwai kuma masu zurfin da ba a gane su daga gaɓa.